Giɓin da ke kan allon Malam Bitrus

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwarsa, tunda sunan tsohuwata kika ɗauka kika hana bakina kiran sunanki. Sannan ina gaishe ki gaisuwar uba ga ɗiyarsa ta fari da za ta bar mashi gida ranar Asabar. Allah Ya kai ki Zariya lafiya, Ya tsare ki a hanya da bayan hanya, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya raba ki da masu hali irin nawa.

Kada ki yi dariyar rubutun nan. Kin san ban taɓa zama a bencin aji ba, allo da tawada na sani, bokon nan da girmana na tsince shi. Da ajami na so in rubuta, sai na tuna kin ce ajamina kamar kaji sun yi dambe a kan takarda. A gona nake, gindin ɗorawar nan, kuma tun hantsi na zauna na tashi ya fi sau biyar. Na je na duba masarar da ba abin da ya same ta, na dawo, na sake zuwa. Gida ɗaya muke kwana amma ga ni ina maki wasiƙa, don sau uku ina kiranki in faɗa maki maganar nan, sau ukun bakina yana juya ta wasa.

Shekaranjiya da kike neman jakar da za ki zuba kaya kin ci karo da tsohon allon kwamfuta a ƙasan akwatina, wanda kuke ce ma kibod. Kika ɗaga shi kika ce, "Baba, wannan ai ya girmi gidanmu. Wannan giɓin fa, ina maɓallin ya tafi?" Na ce maki ɓera ya cinye. Kika ce to ɓeran ya yi boko ke nan. Muka yi dariya. Uwata, ba ɓera ba ne. Maɓallin yana cikin aljihun gafakata, kullum na ɗauko Alƙur'ani sai yatsana ya taɓa shi, shekara ashirin ke nan.

Allon na Malam Bitrus ne, wanda za ki sauka gidansa. Ke kin san shi dattijo mai furfura da ke aiko maku da tsaraba duk Kirsimeti. Ni na san shi yana ɗan shekara talatin da ɗoriya, yana da shagon buga takardu a bakin tasha nan Malumfashi, bango ɗaya da gidan kallon ƙwallon kawuna da nake riƙewa. Janareta ɗaya muke amfani da shi. Shi ne kuma mai koyar da waƙa a cocinsu. Ni lokacin shekarata ashirin, mamanki tana da cikinki, kuma kaf tashar nan ba wanda ban taɓa ɗaura ma wutsiyar tsumma ba. A kan allon nan ya koya mani boko. In ba mutane sai ya ce, "Sallau, zo nemo mani harafin farko na sunanka." In yi ta lalube kamar mai neman allura a rumbu, shi kuma yana haƙuri da ni.

A kusurwar sama ta hannun dama akwai wasu maɓallai da ban taɓa ganin ya taɓa ba. Na lura naki sabon da aka saya maki ma ba su duka. Na tambaye shi aikinsu, ya ce, "Wallahi ban sani ba. Wanda ya ƙera abin dai bai sa su don ado ba, amma ni ba a koya mani ba." Sai na raɗa masu suna. Akwai wanda in ka danna ba abin da ke faruwa sai wata 'yar koriyar fitila ta kama, na sa mashi Ɗan Fitila. Na kusa da shi ko fitilar ma babu, na sa mashi Kurma. Sai wani a ƙasansu, maƙwabcin maɓallin gogewa, an rubuta mashi Insat. Shi na gano aikinsa da kaina wata rana ina wasa: in ka danna shi sau ɗaya, duk abin da ka buga a tsakiyar rubutu sai ya riƙa cinye wanda ke gabansa, harafi da harafi, ba ƙara ba alama. Na sa mashi Kura. Ban gaya ma Malam Bitrus ba, na ajiye abina.

Bari in fara da Ɗan Fitila, shi ya fi sauƙin faɗa.

Wani dattijo, Malam Ila, ya zo daga wani ƙauye bayan Bakori a buga mashi takardar neman taki a madadin manoman unguwarsu. Aka buga aka miƙa mashi, Malam Bitrus ya fita sayen mai. Dattijon ya tsaya yana kallon kwamfutar, ya ce, "Yaro, an ce abin nan yana aika saƙo da kansa, gaskiya ne?" Na ce, "Baba, ai har Katsina. Miƙo yatsanka." Na ɗora yatsansa a kan Ɗan Fitila, fitila ta kama. Na ce, "Ka gani? Sun karɓa ke nan. Da ba su karɓa ba ja za ta nuna." Ya yi ta sa mani albarka, ya ninke takardar ya sa a hula ya tafi. Ni a zatona daga nan ofis zai wuce, a can su yi mashi bayani, a yi dariya. Ashe gida ya wuce, ya ajiye takardar ƙarƙashin tabarma, ya ce ma mutanensa saƙo ya isa. Sai da masara ta kai gwiwa tana rawaya ya dawo. Bai zage ni ba. Ya ce, "Yaro, ko dai fitilar nan taku ta lalace ne?" Na ce mai yiwuwa.

To ki ji. Za ki koyi abin da mutanen ƙauyenmu ba su sani ba, kuma za su yarda da duk abin da kika ce don kin taɓa na'urar su ba su taɓa ba. Wanda ya miƙo maki yatsansa, amana ya miƙo. In ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba, kamar yadda Malam Bitrus ya ce mani, bai ragu da komai ba. Ni har yau ban san aikin Ɗan Fitila ba. In an koya maki a makaranta ki faɗa mani, in daina ganinsa a mafarki.

Na tashi na sha ruwa na dawo. Saura labari biyu. Na gaba ba na allon ba ne, na rimot ne.

Wata Asabar da la'asar ana babban wasa, masu jar riga da masu shuɗiya. Ɗakin kallo ya cika, wasu a taga, wasu a kan kafaɗar wasu. Saura kaɗan a tashi alƙalin wasa ya ba da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Ɗan wasa ya ajiye ƙwallo ya ja da baya, ɗaki ya yi tsit. Rimot yana aljihuna. Shaiɗan ya ce danna, na danna. Sai ga wata Baturiya mai jiki cikin doguwar riga a kan dandamali, ta buɗe baki tana wata irin waƙa mai tsawo kamar ba ta numfashi, a ƙasanta mutane jere-jere kowa da gogensa. Uwata, ban san mutum yana iya cire takalmi da sauri haka ba. Ɓawon rake, ledar ruwa, takalma, duk a kaina. Ɗan Asabe mahauci ya rantse sai ya rataye ni a rumfarsa. Kafin in mayar an riga an buga, har yau akwai waɗanda ba su yafe mani ba.

Cikin wannan hargitsi na ga Malam Bitrus a bakin ƙofa, ta bango ya jiyo. Ya kama hannuna ya ce, "Sallau, mayar da ita."

Na ce, "Malam, so kake a yi jana'izata yau?"

Da aka watse ya dawo ya ce abin sunansa opera, wasan kwaikwayo ne da ake yi da waƙa tun daga farko har ƙarshe, ya taɓa ji a wani tsohon faifai a gidan mishan yana yaro, bai taɓa gani da ido ba. Muka bincika muka gano tashar tana maimaitawa ran Talata da hantsi, lokacin da ba kowa a ɗakin. Daga nan duk Talata sai ya rufe shago awa ɗaya ya zo ya zauna shi kaɗai a tsakiyar benci.

Ni kuwa na samu abin yi. Na ce, "Malam, ran Asabar har taga sai da aka yi rigima a kanta. Yau daga kai sai ƙadangare, shi ma ga shi can yana fita."

Ya ce, "Kowa a ƙasar nan masara da dawa yake nomawa. Kakana riɗi yake sawa a kusurwar gona, ba wanda ya ce ya haukace."

"Riɗi ai ana ci. Wannan me ake ci?"

"Ku me kuke ci in ƙwallo ta shiga raga? Da yunwarku kuke tashi, rabinku kuma da baƙin ciki. Yi shiru ka ji. Ba lasifika a bakinta, amma na bayan ɗaki yana jinta. Ka san shekara nawa mutum ke yi kafin ya iya riƙe numfashi haka?"

Ban yi shiru ba. Na ɗaura zanin mamanki a ka, na shiga tasha ina kwaikwayon matar, ina riƙe ƙirji ina faɗuwa a kan buhunan masara. Aka yi dariya har direbobi suna tsayar da mota. Kafin sati an sa mashi suna Malam Ihu, in ya wuce sai a riƙa yi mashi guɗa. Bai daina zuwa ran Talata ba, sai dai ya koma shigowa ta ƙofar baya.

Abin da ban taɓa faɗa ma kowa ba shi ne, wata Talata da bai zo ba na kunna ni kaɗai, wai in ƙaro abin kwaikwayo. Ban ji kalma ɗaya ba, amma da matar ta ja wata murya ta sauke ta a hankali sai na ji tsikar jikina ta tashi, irin yadda take tashi in gwani ya ja ƙira'a da asuba. Na kashe da sauri kada wani ya gan ni. Uwata, kada ki auna darajar abu da yawan masu tafa mashi. Ƙwallo tana da daɗi, da ita na ciyar da ku shekaru, ba zan zage ta ba. Amma a makaranta za ki ga wanda yake son abin da shi kaɗai yake so, kuma za ki ga yadda dariya take da arha in ke ce a cikin taro shi yana waje. Kada ki sa wa kowa suna. Suna ya fi ƙaya wuyar cirewa.

Yanzu sai Kura. Alƙalamin ma nauyi yake mani.

Wani fasto abokinsa ya kawo mashi labarin wata makaranta a Legas da ke horar da masu irin wannan waƙa, suna ɗaukar mutum kaɗan, har da manya masu koyarwa a coci. Ana son doguwar takarda da Turanci, mutum ya ba da tarihinsa da sunayen mutum biyu da za su tsaya mashi. Sati guda yana buga ta. Faston ya karɓa ya yi gyare-gyare da jan biro, bai dawo da ita ba sai ranar ƙarshe, ranar da dole a ba direban Kaduna ya sa ta a motar Legas. Malam Bitrus ya buɗe takardar a kwamfuta, ya fita roƙon direban ya ɗan jira shi. Na leƙa shagon ba kowa. Na danna Kura, na koma bakin ƙofa na jingina.

Ga abin da ban yi lissafi da shi ba. Shi a kan tafireta ya koyi aiki, kuma abin alfaharinsa ke nan, ba ya kallon yatsunsa, ba ya kallon gilashi, takardar da yake kwafa kaɗai yake kallo. Sai ya ɗaga kai ya nemo wurin gyara, ya mayar da ido kan jan biron fasto, yatsu su yi ta gudu, ya wuce na gaba. Direba yana ta hon, janareta yana tari. Ni ina tsaye ina ganin rubutu yana cin rubutu. Da farko jira nake ya lura ya ce, "Sallau, Allah Ya shirye ka," mu yi dariya. Bai lura ba. Da ya ci layi biyu sai na ji tsoro, da ya ci biyar sai tsoron ya fi ƙarfin bakina. Kalma ɗaya ta isa, Uwata. Ban faɗe ta ba. Ya fitar da kwafi biyu, ya sa ɗaya a ambulan ya liƙe, ni ma na karɓa na ruga na kai ma direban.

Washegari da safe ya zauna karanta ɗayan. Na ji shiru ya yi yawa na shiga. Sunan mutum ɗaya cikin masu tsaya mashi rabi ya rage, adireshin ɗayan ya tafi, jimloli sun hau kan juna. Takardar mutumin da ya rubuta a cikinta cewa sana'arsa buga takardu. Ya yi ta gwada maɓallai har ya kai ga Kura ya gane. Ya daɗe yana kallon ƙaramin yatsansa na dama, sannan ya ce, "Garin gogewa na zame na taɓa shi. Shekara goma sha ina aikin nan, yau yatsana ya ci amanata." Ya sa bakin wuƙa ya ɓanɓare maɓallin ya jefa waje. Na ce, "Sai haƙuri, Malam, haka Allah Ya so." Da bakina na faɗa. Da ya juya na tsince shi a bakin kwata.

Amsa ba ta taɓa zuwa ba. Ban ce lallai da sun ɗauke shi ba, wannan Allah kaɗai Ya sani, amma ni na hana a sani. Bai sake shigowa ran Talata ba, ko ta ƙofar baya. Bayan shekara biyu ya koma Zariya, ya bar mani allon ya ce in ci gaba da koyon harufa.

Ina ganin halina a jikinki, shi ya sa ba na samun natsuwa. Ranar da kika mayar da wayata harshen mutanen Sin na kwana biyu ina kiran mai faci a maimakon mamanki, na yi dariya har da hawaye, har na ji alfahari. Amma ke kin zo da kanki kin gyara kin ce ke ce. Ki riƙe wannan. Wasa wasa ne in wanda aka yi ma zai yi dariya a ƙarshe, kuma in wanda ya yi zai fito ya ce ni ne kafin rana ta faɗi. In kika ga ya fara cin abin da ba za ki iya mayarwa ba, ki buɗe baki nan take ko za a mare ki. Mari yana hucewa.

Da takardarki ta fito aka ce babu ɗakin kwana a makaranta, kin san yadda muka yi ta juyi. Ba mu da kowa a Zariya, kuma ba zan kama maki haya ke kaɗai ba. Mamanki ta kira Maman Rifkatu, matar Malam Bitrus, sai shi ya karɓi wayar. Ya ce, "Ɗiyar Sallau ai ɗiyata ce. Ɗakin Rifkatu yana nan tunda ta yi aure, akwai masallaci a bayan gidanmu, tukunyarta daban in tana so. Sallau da ya tsaya tare da ni ranar da na yi asara?" Mamanki ta yi ta godiya. Ni na fita waje.

Ba zan iya bari ki ci tuwon gidan nan shekara biyu a kan wannan maganar ba. Kuma na san in ya ji yana iya cewa mu koma da kayanmu, da gaskiyarsa, karatunki na bana ya tsaya saboda abin da aka yi tun kina cikin mamanki. Dalilin wasiƙar nan ke nan, haƙƙinki ne ki sani kafin ki hau mota.

Da na fara rubutun nan niyyata in naɗe maɓallin a takarda in sa a jakarki, in ce in kin kwana biyu kin saba ki miƙa mashi. Har na yanko takardar. Yanzu da na karanta abin da na rubuta sai na ga ai shi ne dai halin: in danna, in koma bakin ƙofa in jingina, wani ya sha. Na fasa. Ran Asabar tare za mu tafi, na bar ma kawunki gona. In mun isa ki gaishe su, ki ce mashi Baba Bitrus, ki durƙusa ma Maman Rifkatu yadda kike ma mamanki. Sannan ki zauna a tsakar gida, kada ki kwance kayanki sai na fito. Zan ɗauki allon da maɓallin in shiga wurinsa, in ce mashi yatsansa bai taɓa zamewa ba. In ya ce mu tafi, ki tashi ba tare da ɓata rai ba, ki yi masu godiya, laifin ki ɗora mani, zan nemo maki wata hanya ko da amfanin gonar bana zai tafi a kai. In ya ce ki zauna, to ki san gidan wa kike zaune, ki riƙe shi da hannu biyu.

Kada ki gaya ma mamanki tukuna, ni zan faɗa mata da kaina in na koma gida yanzu. In kin ji ƙarar murfin tukunya kada ki fito.

Allah Ya yi maki albarka, Ya buɗe maki ƙirji, Ya tsare maki addininki da mutuncinki, Ya tsare harshenki da yatsunki. Allah Ya kai mu lafiya, Ya sanyaya zuciyar wanda za mu je wurinsa. Ki yi mani addu'a bakina kada ya juya ta wasa in na zauna gabansa, addu'ar uwa ba ta faɗuwa ƙasa.

Ni ne ɗanki kuma babanki,
Sallau